Hausa da harsunan yankin Potiskum: Hujjojin da suka nuna tushensu ɗaya ne

Garin Potiskum, da ke yammacin Jihar Yobe a kan hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Maiduguri, ya yi suna da kasuwar shanu wadda ake lasafta ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Da Hausa ake ciniki a kasuwar, da ita direbobin manyan motoci ke magana a tasha, da ita kuma yara ke wasa a unguwanni. Amma a cikin gidaje da ƙauyukan da ke kewaye da garin akwai harsuna huɗu da suka riga Hausa kafuwa a wannan yanki, wato Ngizim da Karekare da Bole da Ngamo. Idan aka nausa arewa wajen Gashuwa, sai a tarar da Bade da Duwai. A kudu maso gabas kuma, a Ƙaramar Hukumar Gulani, akwai wani ƙaramin harshe da ake kira Maka.

Bahaushen da ya saurari mai magana da ɗaya daga cikin waɗannan harsuna ba zai fahimci abin da ake faɗa ba. In ma ya tsinci wata kalma da ta yi kama da tasa, yakan ɗauka aro aka yi daga Hausa. Binciken masana harshe na fiye da shekara 150 ya nuna akasin haka. Hausa da waɗannan harsuna 'yan gida ɗaya ne, sun fito daga wani harshe guda da aka yi magana da shi dubban shekaru da suka wuce, sannan zuriyarsa ta rarrabu. Masana suna kiran wannan zuriya dangin harsunan Cadi, saboda yadda suke zagaye da Tafkin Cadi ta yamma da kudu da gabas.

Dangin Cadi da rassansa

Harsunan Cadi sun haura 150, kuma ana magana da su a Najeriya da Nijar da Kamaru da ƙasar Cadi. Hausa ce babba a cikinsu nesa ba kusa ba, domin masu magana da ita sun fi na sauran yawa ko da an haɗa su gaba ɗaya. Rabon da aka fi amfani da shi shi ne wanda Paul Newman, masanin Hausa ɗan Amurka da ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar a 1977. Ya kasa dangin zuwa rassa huɗu: na Yamma, da na Biu-Mandara wanda ya ƙunshi Bura da Margi da Tera da Bachama, da na Gabas da ke cikin ƙasar Cadi, sai ƙaramin reshen Masa a kan iyakar Kamaru da Cadi.

Duk harsunan yankin Potiskum suna cikin reshen Yamma, amma ba a ɗaki ɗaya suke ba. Newman ya raba reshen biyu. Kashi na farko ya haɗa Hausa da Gwandara, da rukunin Bole da Tangale, da Angas da Ron na Jihar Filato. A nan Bole da Karekare da Ngamo da Maka suke. Kashi na biyu ya haɗa Ngizim da Bade da Duwai, tare da Warji da Miya da Zar na Jihar Bauchi.

Wannan rabo yana da wani abin mamaki ga mutumin Potiskum. Ngizimawa da Karekare sun daɗe suna zaune kafaɗa da kafaɗa, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Amma ta fuskar asalin harshe, Karekare ya fi kusa da Hausar Kano, har ma da harshen Angas na Pankshin, fiye da yadda yake kusa da Ngizim na maƙwabcinsa. Kusancin gida da kusancin asali abubuwa ne biyu daban.

Akwai kuma manyan harsuna biyu na Yobe da ba sa cikin wannan dangi sam. Barbarci, wato Kanuri, yana cikin harsunan Sahara tare da Teda da Zaghawa. Fulatanci kuwa danginsa suna can Senegal, inda Serer da Wolof suke. Bahaushe da Babarbare da Bafulatani sun haɗu a addini da sarauta da sutura, sun kuma yi wa juna aron kalmomi masu yawa, amma harsunansu uku ba su fito daga tushe ɗaya da za a iya nunawa ba.

Yadda ake gane dangantaka

Kamar kalma ɗaya ko biyu ba ta isa hujja ba. Harsunan da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya samun kalma mai kama bisa katari, kuma maƙwabta kan ari kalmomi daga juna kullum. Saboda haka masana kan fara da kalmomin da ba a cika ara ba, kamar sunayen gaɓoɓin jiki, da ƙananan lambobi, da aikatau irin su ci da sha da mutuwa. Mutum kan ari sunan sabon kaya da ya gani a kasuwa, amma da wuya ya ari sunan idonsa.

A misalan da za su biyo baya za a ga harafin ə. Wasali ne gajere da ke tsakanin i da u, wanda masu rubuta Ngizim da Bade da Barbarci ke amfani da shi.

A ɗauki lamba huɗu, wadda wasu Hausawa ke furtawa fuɗu. A Ngizim da Bade ana cewa fəɗu, a Karekare feɗu, a Bolanci poɗɗo. Biyar, wadda Sakkwatawa ke cewa biyat, ita ce baɗi a Bolanci, vaɗ a Ngizim. Ido a Bolanci ido ne, ba canji. Kunne kumo ne, suna sun ne, kada kadam ne. Mutu a Bolanci motu ne, a Ngizim mətu. Sha kuwa sa ne a harsunan biyu.

Kalmar ci ta fi ban sha'awa. A Bolanci ti ake cewa, a Ngizim ta. Duk Bahaushe ya san t tana rikiɗa ta zama c a gaban i ko e, ko da bai taɓa lura ba: sata amma saci, mota amma motoci, Sakkwato amma Basakkwace. Ke nan ci ta Hausa a da ti ce, kamar yadda Bolewa ke faɗa har yau. Haka hanci, wanda Bolanci ke kira wunti, Ngizim kuma tən. Hausa da kanta ta adana tsohuwar t ɗin a jam'in kalmar, wato hantuna.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a samu canjin sauti da ya bi ƙa'ida ɗaya a kalmomi da yawa. Newman ya nuna cewa a wani zamani mai nisa, r da ke tsakiya ko ƙarshen kalma ta koma y ko i a Hausa, alhali 'yan'uwanta sun bar ta yadda take. Wuya a Ngizim wura ne. Mai, na girki ko na shafawa, a Bolanci mor ne, a Ngizim mərak. Kifi a Bolanci kerwo ne, a Karekare carafu. Idan da Ngizimawa daga Hausa suka ari kalmar wuya, da wuya za su ce, ba wura ba. Samun r a bakinsu ya nuna sun gaji kalmar ne tun kafin Hausa ta sauya tata. Irin wannan shaida ce ke raba gado da aro.

Hausa tana da wani canjin makamancin wannan da ake iya ji a tsakanin karuruwanta. Bajamushe August Klingenheben ya bayyana shi a ƙarshen shekarun 1920: baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa yakan raunana. Shi ya sa Bakano ke cewa aure da zauna da sauro, inda Basakkwace ke cewa amre da zamna da sabro. Karin yamma ya riƙe tsohuwar siga. Abin da ya faru tsakanin Kano da Sakkwato a cikin 'yan ƙarnuka shi ne ya faru tsakanin Hausa da Bolanci a cikin dubban shekaru, har magana ta daina shiga tsakaninsu.

Lissafin bai cika tafiya sumul ba. A lamba biyu, Hausa ta bi Bolanci mai cewa bolou da Karekare mai cewa belu, yayin da Ngizim ke cewa shirin, Bade kuma sərən. Wannan ya dace da rabon Newman. Amma a goma, Hausa ta bi Ngizim da Bade masu cewa guma, ta bar Bolanci da bimbaɗi. Wani lokacin ma Hausa ce ta fita daban. Ruwa a Bolanci amma ne, a Karekare amu, a Ngizim am, kuma wannan ita ce tsohuwar kalmar dangin, wadda Hausa ta yar ta ɗauki wata. Wata na sama tere ne a Bolanci, təra a Ngizim, kuma haka yake a harsunan Cadi da dama har cikin Kamaru. Ana kuma kyautata zaton nama kalmar aro ce da Hausa ta samo tun da daɗewa daga harsunan kudu, domin Bolanci lo yake cewa, Ngizim tluwai, alhali nyama ake ji daga tsakiyar Najeriya har zuwa ƙasashen Swahili. Kowane ɗa ya riƙe wani abu na gado ya saki wani, kuma Hausa, duk da girmanta, ba ta fi sauran riƙo ba.

Nahawu ma yana ba da tasa shaidar, kuma shi ne ya fi wuyar ara. Wakilin suna ka na namiji yana nan a Bolanci da Ngizim, mu kuma yana nan a Bolanci. Yadda Hausa ke sauya ƙarshen aikatau don nuna aikin ya nufo mai magana, kamar fita da fito, ko saya da sayo, haka Bolanci da Ngizim ke yi da nasu ɗafin. Yadda take ninka gaɓa don nuna yawan aiki, kamar kama da kakkama, shi ma abin dangi ne. Baƙaƙen ɓ da ɗ da karin sauti na sama da na ƙasa duk sun ratsa harsunan. Sai dai ƙ da ts na Hausa babu su a Bolanci da Ngizim, kamar yadda Hausa ba ta da sautin da ake rubutawa tl, wanda ake furtawa da iska tana fita ta gefen harshe. Ngizim yana kuma bambanta mu iri biyu, wanda ya haɗa da wanda ake yi wa magana da wanda ya ware shi, abin da Hausa ba ta yi.

Daga Potiskum zuwa Masar da ƙasar Larabawa

Dangin Cadi shi ma reshe ne na wani babban dangi da ake kira Afirka-da-Asiya. Sauran rassansa su ne harsunan Samawa irin su Larabci da Ibrananci da Amharic na Habasha, da harsunan Berber waɗanda Buzanci ke cikinsu, da tsohon harshen Masar na zamanin Fir'auna, da harsunan Kush irin su Somali da Oromo, da harsunan Omo na kudancin Habasha. Wanda ya tabbatar da matsayin Cadi a cikin wannan dangi shi ne Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma fitar da rabon harsunan Afirka a 1955 da 1963. Kafin shi, Turawa da dama suna cakuɗa batun harshe da launin fata da kiwon shanu, suna neman a ware Hausa daga maƙwabtanta a ɗaukaka ta. Greenberg ya watsar da wannan, ya ce kalma da nahawu kawai za a duba.

A nan akwai tarko ga Bahaushe. Hausa cike take da kalmomin Larabci da suka shigo ta hanyar Musulunci da fatauci, irin su littafi da alƙalami da duniya da lahira da sunayen ranaku. Waɗannan aro ne na 'yan ƙarnukan baya, ba su ne hujjar dangantaka ba. Hujjar tana cikin abin da ya girmi zuwan Larabci. Mutu ta Hausa da motu ta Bolanci sun yi daidai da mata ta Larabci da mwt ta tsohuwar Masar. Suna da sun sun yi daidai da ism na Larabci da shem na Ibrananci. Harshe, wanda wasu ke cewa halshe, lisim ne a Bolanci, lisan a Larabci, iles a Berber. Am ta Ngizim ta yi daidai da aman ta Buzaye. Huɗu kuma fdw ce a rubutun Masar, wanda ba ya nuna wasula.

Duk ɗalibin makarantar allo da ya kai ga nahawu ya san baituka da baituki, gidanka da gidanki. Ya san ta ta mace a farkon aikatau. Ya san ma da ke gina sunan wuri da na kayan aiki, kamar maktab da miftah a Larabci, makaranta da mabuɗi a Hausa. Greenberg ya kuma nuna tsarin na, ta, na, wato namiji da mace da jam'i, wanda ake gani a gidan sarki, rigar sarki, dawakin sarki. R ɗin da ke rigar asalinta t ce, kamar yadda ake ji a riga ta sarki. Ba daga Larabci Hausa ta samo waɗannan ba. Su biyun sun gaje su ne daga kaka ɗaya. Harsunan Yobe sun bambanta a kan wannan gado: Ngizim ya daina raba sunaye zuwa namiji da mace, amma Baden yamma ya riƙe rabon, har ma yana ƙara n a ƙarshen suna, kamar amən wato ruwa, abin da ya sa masanin Jamus Johannes Lukas ya kwatanta shi da tanwini na Larabci.

Irin wannan labari a wata nahiya

Ba a Afirka kaɗai ake samun al'ummomin da tarihi ya raba amma harshe ya tona zumuncinsu ba. A kudancin ƙasar Sin, musamman a yankin Guangxi, akwai ƙabilar Zhuang mai mutane fiye da miliyan 18. Sun daɗe a ƙarƙashin mulkin Sin, sun ari dubban kalmomi daga Sinanci, har tsohon rubutunsu ma a kan haruffan Sin aka gina shi. Mutanen Tailan kuwa sun karɓi addinin Buda, sun ari kalmomi daga harsunan Indiya, rubutunsu ma daga can ya samo asali. A ido babu abin da ya haɗa su. Amma gonar shinkafa na ce a harsunan biyu, kare ma ne, kifi kuma pla ne a Tailan, bya a Zhuang. Masani Li Fang-Kuei ya fitar da babban littafinsa na kwatanta waɗannan harsuna a 1977, shekarar da Newman ya fitar da nasa aikin a kan Cadi. Hanyar binciken ɗaya ce: a cire aro na sama, a duba abin da ya rage a ƙasa.

Abin da kalmomi ke faɗa game da rayuwar kakanni

Idan kalma ta ratsa rassan dangi duka, kuma ta bi ƙa'idojin canjin sauti, to akwai alamar cewa masu harshen farko sun san abin da take nufi. Tunkiya, mai jam'i tumaki, temshi ce a Bolanci, təmaku a Ngizim. Akuya aku ce a Ngizim, oshi a Bolanci. Sa da saniya suna da dangantaka da tla ta Ngizim. Zabo zabanu ne a Ngizim. Idan aka haɗa da kifi da kada, sai hoton ya fito: mutane ne masu kiwon shanu da tumaki da awaki, da ke zaune kusa da ruwa mai kifi da kadoji.

Wannan ya dace da abin da aka sani game da ƙasar. Shekaru dubu bakwai zuwa takwas da suka wuce, Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa, Sahara kuma tana da ciyayi da koguna. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a Ƙaramar Hukumar Fune da ke maƙwabtaka da Potiskum, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kimanin 8,000, abin da ya sa shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka. Kwalekwale ba ya faɗin harshen wanda ya sassaƙa shi, amma ya tabbatar da irin ƙasar ruwan da kalmomin ke nuni da ita.

Game da inda masu harshen Cadi na farko suka fito, masana sun kasu. Christopher Ehret yana ganin sun gangaro ne daga tsakiyar Sahara yayin da take bushewa. Roger Blench kuwa yana ganin makiyaya ne da suka taso daga wajen Kogin Nilu suka bi wani tsohon kwari da ake kira Wadi Howar zuwa yamma.

Labaran asali da masarautu ke riƙe da su wani abu ne daban. Bolewa suna ba da labarin fitowa daga Yemen, Badawa suna danganta sunansu da Badar, Hausawa kuma suna da Bayajida na Bagadaza. Irin waɗannan labarai suna bayyana yadda gidajen sarauta ke kallon kansu bayan zuwan Musulunci, kuma suna da darajarsu a tarihi. Sai dai zurfin bambancin da ke tsakanin harsunan Cadi ya nuna sun shafe dubban shekaru suna rarrabuwa a nan yankin, tun kafin zamanin da labaran ke magana a kai. Ana iya samun baƙo ya zo ya kafa sarauta, amma harshen da zuriyarsa ta tashi da shi na mutanen da ya tarar ne.

Inuwar Borno

Abubuwa da yawa da Hausawa da Bolewa da Ngizimawa da Badawa suka yi tarayya a kai ba daga kakan Cadi suka zo ba, daga Borno suka zo. Birnin Ngazargamu, hedkwatar daular tun daga ƙarni na 15, yana cikin Jihar Yobe ta yau. Imam Ahmad ibn Furtu, wanda ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma a ƙarni na 16, ya ambaci Ngizimawa cikin waɗanda Mai ya yaƙa. Sarautun Galadima da Ciroma da Kacalla da Maina daga Barebari suka bazu zuwa fadojin yankin har ƙasar Hausa. Greenberg ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barbarci suka shigo Hausa. Ngizim da Bade sun fi Hausa cika da irin wannan aro, domin sun fi kusa da rijiyar.

Tarihin sarautar yankin shi ma ya cakuɗa al'ummomin. Bolewa sun zauna a dutsen Daniski kafin su sauko Fika a farkon ƙarni na 19, kuma a 1924, zamanin Turawa, aka mayar da fadar Sarkin Fika zuwa Potiskum. Bayan ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, gwamnatin Bukar Abba Ibrahim ta ƙara yawan masarautu, abin da ya tabbata a 2000, har garin ya kasance yana da fada biyu, ta Fika da ta Pataskum. Batun wanda ya riga wani zama batu ne da ke da zafi a siyasar garin. Kimiyyar harshe ba ta yanke hukunci a kansa. Iyakar abin da take nunawa shi ne duk ɓangarorin zuriyar harshe ɗaya ne.

Waɗanda suka rubuta harsunan

Jerin kalmomi na farko na waɗannan harsuna ba a Yobe aka rubuta shi ba, a Saliyo aka rubuta. Sigismund Koelle, wani ɗan mishan Bajamushe da ke Freetown, ya tattara kalmomi daga bakin bayin da aka 'yanto daga jiragen ruwa, ya buga su a 1854 a littafin Polyglotta Africana mai harsuna fiye da 150. A ciki akwai Pika, wato Bolanci, da Karekare da Bade da Ngizim da Duwai. Mutanen da aka raba da garuruwansu da ƙarfi su ne suka fara ba duniya shaidar harsunansu.

A 1966 Newman da Roxana Ma suka fitar da aikin farko na sake gina kalmomin tsohon harshen Cadi. A 1994 Herrmann Jungraithmayr da Dymitr Ibriszimow suka buga kundi mai juzu'i biyu na saiwoyin kalmomin dangin. Amma wanda sunansa ya fi haɗuwa da Potiskum shi ne Russell Schuh na Jami'ar California da ke Los Angeles. Ya zauna a garin a 1969 zuwa 1970 yana nazarin Ngizim, ya rubuta digirinsa na uku a kansa a 1972, ya kuma buga ƙamusunsa a 1981. Daga farkon shekarun 2000, shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, wanda Bolanci ne harshensa na gida, suka jagoranci wani shirin binciken harsunan Yobe tare da masu magana da harsunan. Shirin ya samar da ƙamusoshin Bole da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade, daga baya har da Duwai, kowanne da fassara zuwa Hausa da Ingilishi, aka kuma buga su a Potiskum a 2004 da 2009, tare da littattafan tatsuniyoyi da karin magana. Schuh ya rasu a 2016.

Babban wa da ƙannensa

Harshen da ke danne waɗannan harsuna a yau ba Ingilishi ba ne, ba kuma Barbarci ba ne. Hausa ce, 'yar'uwarsu. A cikin garin Potiskum da Gashuwa akwai gidaje da yawa da iyaye ke magana da harshensu a tsakaninsu amma su juya Hausa idan za su yi wa yara magana. Auratayya tsakanin ƙabilu, da makaranta, da rediyo, da finafinan Kano duk sun taimaka. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi amfani da shi a muhallinsa, kuma a aikace zaɓi na biyun ne ya yi rinjaye a yankin. A ƙauyuka harsunan suna nan da ransu, ana noma da su, ana waƙa da su, ana kuma jin su a bukukuwa irin su bikin kamun kifi na Bade a Gorgoram da bikin shekara na Karekare a Jalam.

Akwai misalin inda wannan hanya take kaiwa. A ƙasar Hadeja da Katagum an taɓa yin harsunan Auyo da Teshena da Shira, waɗanda 'yan kalmomin da aka rubuta daga gare su suka nuna dangin Bade ne na kusa. Sunayen garuruwan suna nan, zuriyar mutanen ma suna nan, amma Hausa suke yi, harsunan kuwa sun ɓace.

Asarar ba ta masu ƙananan harsunan kaɗai ba ce. Rubutun Hausa na ajami mafi tsufa da ke hannu bai wuce 'yan ƙarnuka ba, kuma bai isa ya nuna yadda harshen yake shekara dubu ko dubu biyu da suka wuce ba. Duk abin da aka sani game da wancan zamani, kamar cewa wuya a da wura ne, ko mai a da yana da r, ko Hausa ta taɓa samun wata kalma ta ruwa, daga bakin Ngizimawa da Bolewa da Karekare da sauran dangi aka samo shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na raya harsunan asali. A Yobe an riga an yi aikin da ya fi wuya, domin harsuna shida suna da tsarin rubutu da ƙamus. Abin da ya rage a hannun hukumomin ilimi na jihar da masarautun Fika da Pataskum da Bade da Gudi da Tikau shi ne sake buga littattafan da shigar da su azuzuwan firamare na garuruwan da ake magana da harsunan.